Na Je Ɗauko Yaya, Na Ƙare da Yanka Burodi

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka tambayarta ɗaya ce: "Malama Rabi, yaya Jidda? Kin ga teku? Kin shiga kantunan gwal?" Malaman makarantarmu sun tambaya, maƙwabta sun tambaya, har matar da ke kawo mana nono. Na gaji da cewa "Alhamdu lillahi" ina kawar da kai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Teku dai sau ɗaya na hango shi, ta tagar mota, da tire mai zafi a kan cinyata.

Da farko ku sani ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayata Indo ta tafi umara shekara goma sha bakwai da suka wuce, ba ta dawo ba. Tana can Jidda ba takarda, tana aikin abinci. A cikin shekarun nan Baba ya rasu, ƙannenmu sun yi aure, Inna kuma ƙafa ta daina ɗaukarta. Duk lokacin da aka yi wa Yaya maganar dawowa a waya, sai layi ya lalace. Rannan Inna ta kira ni ɗakinta.

"Rabi, ke za ki je," ta ce. "Waya tana iya kashewa. Ki je ki zauna a gabanta, ki ce na ce ta zo in gan ta."

Aka yi mini bizar umara, na ɗaure kaya. Rabin jakar duk saƙon Inna ne: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da ƙullin dakuwa.

Daga Malumfashi na hau motar haya zuwa Kano. Kafin mu kai Gwarzo taya ta fashe, muka yi awa biyu a gindin wata maina, direba yana rantsuwa jiya jiya ya saye ta. Da aka sauke kaya don a ɗauko safaya, wani ya ɗora buhu a kan jakata, ledar kuka ta fashe a ciki. Abayar da na ɗinka don tafiyar ta koma kore. A filin jirgi kuma aka ce mu jira, muka jira, aka sake cewa mu jira. Ina zaune ina kakkaɓe abaya, warin daddawa yana bin layin kujerun, mutane suna waiwayowa ni ma ina waiwayawa kamar ba daga wurina yake fitowa ba.

Da muka sauka Jidda, wahalar farko lalle ne ya jawo mini. Ƙanwata ce ta dage sai an yi mini, wai ba a zuwa ƙasa mai tsarki da farin hannu. Na ɗora yatsu a kan na'urar ɗaukar shaida, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta ba ni takarda na goge, ta ƙi. Ta kama yatsana da kanta ta danna kamar mai murƙushe magi, ta ƙi. Aka tsayar da ni gefe, abokan tafiyata suka wuce ɗaya bayan ɗaya suna yi mini sannu da ido. Sai a gwaji na shida ko na bakwai ƙaramin yatsa ya yi mini rana.

Umara na yi ta, Allah ya karɓa. Ba zan tsaya a kanta ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Kwana biyu na yi a Makka na hau mota zuwa Jidda. Na ce wa direba Nuzla, unguwar da Yaya take, ya gyaɗa kai. Ashe Nuzla biyu ce, ni kuma Nuzla Yamaniya nake nufi, shi ya kai ni ɗayar. Ya sauke ni da jaka a rana, irin ranar da ke haɗe da gumi tun kafin ka motsa. Wayata ba caji. Na tsaya bakin wani shago na rasa da wane harshe zan fara, sai mai shagon, wani dattijo baƙi cikin farar jallabiya, ya leƙo.

"Hajiya, daga Najeriya? Ta'ali, shigo ki zauna. Wa kike nema?"

Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa. Ya ba ni ruwa, ya sa mini caji, ya kira Yaya ta yi masa kwatance, sannan ya tare mini wata motar.

A bakin wani lungu na ga wata mace tsaye, siririya, da baƙar abaya da ta koɗe. Na wuce ta da ido ina neman Yaya Indo, mai jiki, mai dariyar da ake ji daga ƙofar gida. Sai matar ta ce, "Rabi." Da ta rungume ni, ƙamshin tafarnuwa da bota na ji a jikinta. Na yi kuka. Ita ba ta yi ba. Ta share mini fuska da gefen mayafinta ta ce:

"Halas, ya isa. Kin ci abinci? Yalla, mu ajiye kayan, ana jirana a wurin aiki."

Ɗakinta yana hawa na uku, ba lif, su huɗu ne a ciki, kowa da katifarta da akwatinta a gefe. Na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti, tana ƙara kamar injin niƙa. Ruwa sai motar tanki ta zo, ranar da ba ta zo ba wanka da buta ɗaya ne. Da safe wake ake ci, wanda aka dafa ya narke aka zuba masa mai, ana dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi. Kwana biyu na yi ina yaba shi, a na huɗu na fara mafarkin koko da ƙosai. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa ce. A gida kafin a gama tambayar yara da gajiya da sanyi an ci minti biyar. A can kalma biyu ce, kowa ya ja ƙofarsa. Maƙwabciya za ta shekara ba ta san launin tabarmarki ba.

Wurin aikin Yaya yana unguwar Mada'in Fahad, a gidan wata mata da ake kira Ummu Khalid. Ita ma haifaffiyar can ce, jikar Hausawa, tana da takardunta, kuma ita ke karɓar aikin abincin biki. Ta mai da ƙasan gidanta kicin: tebur dogo, firiza biyu, da manyan murhun gashi guda biyu da suke kira furun. Ta tarbe ni da fara'a.

"Ahlan, Malama! Ke ce ƙanwar Indo? Wallahi kun yi kama a ido. Kin zo a kan gaɓa, satin nan aiki ya yi mana yawa marra."

Na ɗauka wasa take. Kafin in gama shan shayi an ɗaura mini gyale a ƙugu.

Abin da suka yi suna a kai wasu ƙananan burodi ne masu nama da cuku a ciki, ana gasa su a ci da zafi. Sun ce na Italiya ne. Na tambayi Yaya ko ta taɓa ganin Ba'italiye, ta ce ko ɗaya, Ummu Khalid ce ta gano shi a waya shekarun baya, ta gyara shi da naman halal, yanzu ba suna ba walima sai an nema. Burodin yana zuwa a manne, goma sha biyu a jere kamar ƙwai a kiret, kowanne bai fi tafin hannun yaro ba. Ana kwantar da wuƙa a raba jeren duka gida biyu, sama da ƙasa. A shimfiɗa ƙasan a tire, a jera cuku, sai yankakken naman sa mai yaji siriri kamar takarda, sai na talo-talo, sai wani barkono mai tsami da aka jiƙa a ruwan khal, wato binega, sai a ƙara cuku a rufe. Sannan a narka bota da dakakkiyar tafarnuwa da wani busasshen ganye mai ƙamshi, a shafe saman. A lulluɓe da takardar gasdir, wato foyil, a gasa har cuku ya narke, a buɗe a ƙara ɗan lokaci sama ya yi ja. Sai a yayyanka.

A baki ba wuya. Ranar farko aka ba ni yanka burodi, Yaya ta shiga ɗauko nama. Ni da na saba da burodin mai shayi, sai na bi na ɓalle su ɗaya ɗaya ina tsagawa. Na yi jere takwas kafin ta dawo. Ta tsaya ta dubi tulin, ta rufe ido.

"Rabi, wa ya ce ki raba su?"

"Ai na ga zai fi sauri, Yaya."

"Yanzu sai mun cusa wa kowanne nama shi kaɗai. Kusan ɗari."

Ba ta yi faɗa ba, ta ja kujera muka fara. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Da yamma na ce, "Yaya, Inna ta ba ni saƙo." Ta ce, "Na sani. Bari mu fita daga aikin gobe."

Gobe ta zo da nata aikin. Walimar sauka ce, tire goma. Jibi taron dangi, tire bakwai. Tun sallar asuba muke fita, mu dawo bayan magariba ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an dake ni. Na koyi bambance cukun da ke narkewa da wanda ke tsayawa kamar roba. Na koyi matse barkonon da kyau, don in ba haka ba ruwansa ya jiƙa burodi ya zama kamar fanke a miya. Na ƙone a hannu sau biyu. Abinci a tsaye ake ci, gutsuren gefen da ya ƙone shi ne rabonmu. Sau ɗaya muka yi miyar kukar Inna a ɗaki, sauran matan uku suka ci suna lumshe ido, Yaya kuwa ta yi loma uku ta ce barci take ji.

Kullum na buɗe baki, amsa ɗaya ce. "Bari mu fita daga wannan." Ina lissafin kwanakina suna tafiya. Na fara jin haushinta, har na ce a raina ko dai ta manta da mu ne, ta zaɓi burodi a kan uwarta.

Babban aikin ranar Juma'a ne, kwana biyu kafin jirgina. Suna ne na wasu masu hali, a wani gidan shaƙatawa da ake haya a arewacin gari, tire goma sha shida, a ci bayan la'asar. Abin nan kuma sharaɗinsa zafi. In ya huce cuku ya daskare, burodi ya yi tauri, ba mai taɓawa. Muka tsara za mu gasa rabi a gida, rabi a can. Ana cikin gashi na uku gas ya ƙare, kuma Juma'a ce, shaguna a rufe har a sauko daga masallaci. Ummu Khalid ta riƙe kai.

"Ya Rabbi! Indo, esh nsawwi? Yaya za mu yi?"

"Mu kwashe duka mu tafi," Yaya ta ce. "Furun ɗin can ƙarami ne, amma in na tsaya a kansa za mu fita."

Muka cika motar mijin Ummu Khalid, tire a but, tire a kujera, tire a cinya, wanda ya gasu an nannaɗe shi da bargo. A hanyar ce na hango tekun da kuke tambaya, shuɗi ne, shi ke nan abin da zan iya faɗa. Ba mu yi nisa ba sai motoci suka fara rage gudu. Can gaba motar 'yan sanda ce da fitila tana juyi, ana duba takardu. Hira ta tsaya cak a motar. Ni fasfo ɗina yana jakata, ban damu ba, sai na ji hannun Yaya a kan nawa. Sanyi ƙalau, a wannan zafin. Ta ja niƙabi, ta sunkuyar da kai kan tiren da ke cinyarta, leɓenta yana motsi. Ɗan sandan ya leƙo, ya karɓi iƙamar direba, wato katin zamansa a ƙasar, ya dubi tarin tire, ya ɗaga hannu muka wuce. Sai da muka yi tafiya mai nisa ta saki hannuna. Shatin faratanta ya kwana a jikina.

"Kullum haka ne?" na tambaye ta a hankali.

"Kullum," ta ce.

A gidan bikin aka nuna mana ƙofar baya. Furun ɗin tire biyu yake ɗauka. Yaya ta tsaya a gabansa awa biyu, tana sakawa tana fitarwa, ni ina yankawa ina jerawa a faranti, Ummu Khalid tana kaiwa ciki. Sau ɗaya na leƙa zauren. Mata sun cire abaya, ado kamar amare, turare har maƙogwaro. Kowa ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ta ja cukun ya yi zare, a ɗauki hoto a waya, ta ci rabi ta ajiye. A gida da tuni ledoji sun fito daga jaka, kowa ta ƙulla wa yara. A can ba mai ƙullawa, abin kunya ne. Na kalli rabin burodin da aka bari a faranti, na tuna tafarnuwar da na ɓare tun asuba, na koma baya.

Da tire na ƙarshe ya fita, Yaya ta kashe wuta ta zauna a kan wani kwandon lemo da aka kife. Karon farko ke nan da na gan ta a zaune ba aiki a hannunta. Na ja bokiti na zauna a gabanta yadda Inna ta ce.

"Yaya, aiki ya ƙare. Jibi zan tafi. Inna ta ce ki zo ta gan ki."

Ta dubi hannayenta, duk tabon ƙuna.

"Kin san in na fita ba dawowa," ta ce. "Sai na kai kaina wurin hukuma an tsare ni, a ɗauki yatsuna, a sa ni a jirgi. Ba wannan ke damuna ba. Na gaji, Rabi. Wallahi na gaji tun shekarun baya."

"To mene ne?"

"Ranar da Baba ya rasu ina tsaye gaban furun. Kuka kira ni, na ce to, na gama tiren da ke ciki. Ban zo ba. Na ce in an yi arba'in, na ce in an shekara. Duk shekarar da na ƙara sai zuwan ya ƙara nauyi. Yanzu in shiga gidan nan in ce wa Inna me? Ni na bar ta tana daka da kanta, tana ɗaukar tulu. Kin ce ba ta tashi. Ni ban san wannan Innar ba. In ta kalle ni yadda kika kalle ni a bakin lungu, kika wuce ni da ido..."

Ashe ta lura. Na ji kunya ta rufe ni. Duk maganganun da na tsara tun daga Malumfashi, na haƙƙin uwa da na shekaru, ba wanda ya fito. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Muryarki ce ta sa na gane ki. Inna ma idonta ya yi rauni, da murya take gane mu."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da na zo. Ba da ƙara ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Ummu Khalid ta shigo da farantai, ta gan mu, ta ajiye su a hankali ta ce, "Indo, in don ni ce, ki tafi. Uwa ba a samun wata." Ta fita ta ja ƙofa.

Ranar tafiyata Yaya ba ta raka ni filin jirgi ba, kun san dalili. Ta sauko da jakata har bakin lungu, ta cusa mini dabino da turare da wani bargo mai laushi na Inna. Da mota ta tsaya ta riƙe ƙofar.

"Ki ce mata bayan Sallah. Zan kai kaina bayan Sallah."

"In faɗa mata haka, Yaya?"

"Ki faɗa mata."

Dawowa ba wani labari. Na yi barci tun daga tashin jirgi har Kano, na yi wani a mota har Malumfashi. Na iske ɗakin Inna cike da mutane, kowa yana leƙa bayana ko akwai wata. Da suka ga ni kaɗai ce, aka yi ta barka da sauka a sanyaye, aka watse. Na zauna a bakin gado na lulluɓa mata bargon. Ta shafa shi, ta tambaye ni ko Indo ta rame, na ce ta ɗan rame. Ta tambayi aikin da take yi, na kwatanta mata burodin da cukun da botar, ta ce ikon Allah, yanzu wannan ne abinci. Sannan ta juyo da fuska wajena tana jira.

"Ta ce in gaya miki bayan Sallah, Inna."

"Wace Sallar?"

Sai a lokacin na gane ban tambaya ba. Na ce, "Ba ta faɗa ba."

Inna ta juya fuska wajen bango. Na ɗauka barci ta yi, har na miƙe zan fita, sai na ji ta ce:

"Ɗakin nan na kusa da rijiya, ku fitar da buhunan da ke ciki. A share shi, a sa labule."

Mun share. Labulen ma ni na ɗinka shi. Ƙaramar Sallah saura wata biyu.